Dusar ƙanƙara a watan Mayu, ni kuma ina ƙasa da bargona

'Yan uwa dusar ƙanƙara fa ta sauko mana a watan Mayu. Ba irin 'yar yayyafin nan ba da kafin ta taɓa ƙasa ta narke, zuba tayi sosai tun cikin dare, kafin gari ya waye ta rufe mota ta rufe ciyawa ta rufe matakalar ƙofa, alhali kowa ya riga ya sallami hunturu, rigunan sanyi an wanke an ninke an tura saman wadrob, takalman yara ma na zuba a kwali na ɗaure. Bishiyoyi sun fitar da ganye, tuffa tayi fure, tsuntsaye har sun fara haɗa sheƙa. Toh ikon Allah, sai muka koma kwance kwali.

Duk wanda ya zauna a ƙasashen sanyi ya san ba sabon abu bane, mantawa kawai muke yi duk shekara da zarar mun ɗan ji ɗumin rana a jikinmu. A garin Denver na Amurka watan Maris ne ma yafi kowane wata yawan dusa, Afrilu na biye da shi. A Turai tsofaffin manoma basa yarda su fitar da shuka mai laushi waje sai ranakun 11 zuwa 13 ga Mayu sun wuce, saboda sun saba ganin sanyi ya juyo a daidai lokacin. A Ingila ranar 2 ga Yuni 1975 dusa ta tsayar da wasan kurket a garin Buxton. Ita kuwa shekarar 1816 ba'a magana, bayan dutsen Tambora na Indonesiya yayi aman wuta a 1815 tokarsa ta tare hasken rana, a watan Yuni aka ga dusa a arewa maso gabashin Amurka, amfanin gona ya lalace har can Turai. Idan na tuna wannan sai inga tamu ta kwana ɗaya da sauƙi.

Amma ta wannan lokacin daban take da ta Janairu, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar shebur ya sani. Ta tsakiyar hunturu busasshiya ce mara nauyi, tsintsiya ma tana iya kore ta. Wannan kuwa da yake iskar bata yi sanyi can can ba, tana kusa da digiri sifili ne, tun a sama take fara narkewa tana manne da juna, sai ta sauko jiƙe sharkaf, shebur ɗaya ka ɗaga kaji kamar kwaɓaɓɓen siminti. Shi yasa nake hana maigida yin gaggawa da ita, kwasar dusa mai nauyi tana wahalar da zuciya sosai musamman ga wanda ya fara manyanta, gara a tura ta gefe a hankali a huta a koma. Ga kuma bishiyoyi, da hunturu rassan tsirara suke dusar ta zube ta tsakaninsu, yanzu kuwa kowane ganye ya tare nasa rabon, reshe yayi ta lanƙwasa har ya karye, in an yi rashin sa'a ya faɗa kan wayar lantarki. Tun da safe muke jin ƙarar karyewarsu jefi jefi daga bayan gidaje.

Yara kam murna suke, ba makaranta. Suka fita suka dawo safa a jiƙe, suka canza suka sake fita, kafin azahar duk wani abu mai ɗumi a gidan nan an shanya masa safar hannu ko hula. Ƙaramar tazo tana cewa Umma wai hunturu ya dawo kenan sai mun sake jira? Nace mata a'a, ranar watan Mayu ta riga tayi sama, ƙarfinta ɗaya da ta farkon Agusta, ƙasa ma ta riga ta sha ɗumi, kwana biyu bazaki ga komai ba sai taɓo.

Ni dai abinda na gani a ranar shine falo ya zama nawa. Ba inda zanje ba mai zuwa, kuma akwai fuskar bargo da na gama haɗawa tun kwanaki tana rataye a bayan kujera tana jiran irin wannan ranar.

Bari in ɗan yi bayani saboda masu tambayata meye bambancinsa da bargon kanti. Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Akwai fuska, wato guntayen yadi da aka yanka aka ɗinke su suka bada zane. Akwai ciki, shimfiɗar auduga ko ulu ko roba mai laushi, ita ke riƙe iska, iskar nan da ta maƙale kuwa ita ce ɗumin ba kaurin yadin ba. Sai shafi na baya. Ɗinkin da ke ratsa su ukun gaba ɗaya shi yake hana audugar dunƙulewa gefe guda in an wanke, shi ne kuma yake bada wannan tudu da kwarin da hannu ke jin daɗin shafawa. Mutane sunfi kallon fuskar saboda ita ce mai launi, amma wallahi rabin aikin yana bayan an gama ta.

Wannan nawa mai gida tara ne, zane mafi sauƙi da ake fara koyawa yara. Murabba'i tara, uku uku, mai haske da mai duhu suna musanya. Na yanka kowanne inci 2 da rabi, kwatan inci na kowane gefe yana shigewa cikin ɗinki, sai ya rage inci 2 cif, gida tara ya tashi inci 6. Kwatan incin nan shine gaba ɗaya sirrin, in ya ɗan ƙaru ko ya ragu ko da kaurin zare ne, a gida ɗaya bazaki lura ba amma kafin ki kai ƙarshen layi kusurwoyi sun daina gaisawa. Sannan guga, duk ɗinkin da akayi sai an kwantar da shi da dutsen guga wajen yadin da yafi duhu don kar ya nuna ta cikin mai haske, kuma dannawa ake yi a ɗaga, ba gogawa ba, in kika goga yadin miƙewa yake. Yankan ma yanzu yayi sauƙi, tunda kamfanin Olfa na Japan ya fito da reza mai gurgura a 1979 ana ɗora rula a yanke hawa huɗu lokaci guda, kafin nan kowane ƙyalle sai an zana da kwali an bi da almakashi ɗaya bayan ɗaya. In na kalli tsofaffin barguna masu ƙyalle dubbai na tuna da almakashi akayi su, girman matan nan ƙaruwa yake a idona.

Yadin fuskar kusan duk na gida ne. Rigunan maigida da wuyansu ya cinye amma bayansu garau, rigar makarantar babban da ta masa kaɗan, wani labule, zanen gadon da tsakiyarsa ta mutu gefensa na nan da ƙarfi. Akwai ja guda ɗaya da na saya sabo, shi kam sai da na wanke shi shi kaɗai har ruwan ya daina canza launi, don ja in ya zuba a kan fari an gama.

Toh sai muka ture kujeru, na share ƙasa na goge. Shafi ake fara shimfiɗawa fuskarsa na kallon ƙasa, a lallashe shi ya kwanta sumul a manne gefensa da salatif, a miƙe amma ba'a ja shi da ƙarfi ba, in aka ja ranar da aka sake shi zai tattare ya tafi da fuskar. Sai auduga, sai fuska a sama. Shafi da auduga su fi fuskar girma da kamar inci 4 ta kowane gefe saboda ɗinki yana jan yadi ciki. Daga nan sai fil mai makulli, daga tsakiya ake farawa ana yin waje, tsakanin fil da fil kamar faɗin dunƙulen hannu. Aiki ne na durƙuso, gwiwa tana ji baya yana ji, kuma ba'a barinsa rabi don ba'a taka shi ba kuma a ɗaga shi, shi yasa yake son yini guda da ba kowa zai buga ƙofa ba. Babbar 'yata ce take miƙo min fil tana rufe waɗanda na soka, muna yi muna hira, kuma hirar da ake yi ido na kan aiki ba irin ta zaman fuska da fuska bace, yarinya sai ta faɗa miki abinda da kin tambaye ta kai tsaye cewa zatayi ba komai.

Wani abu da dusa take bayarwa kyauta shine haske. Yana dawowa daga ƙasa ya shigo ta windo fari tas ba ruwan ɗorawa irin na ƙwan lantarki, launi yana fitowa yadda yake. A hasken nan na zaɓi zaren da zanyi ɗinkin sama da shi, na warware kala uku na ɗora a kan bargon, toka toka ce ta ɓace a cikin kowane yadi, ita na ɗauka.

Muna gab da gamawa aka ɗauke wuta. Reshe ne ya faɗa kan waya a layinmu. Maigida ya fita ya duba bututun da hita ke fitar da hayaƙi ko dusa ta toshe shi, dan Allah duk mai zaune a irin wuraren nan ya riƙa duba wannan, kuma kar a kunna janareto ko gawayi a cikin gida ko gareji komai sanyi, iskar da suke fitarwa bata da wari bata da launi kuma tana kisa, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Mu dai muka rufe ɗakunan da bama buƙata muka taru a falo, na buɗe akwati na fito da barguna duka. Kowa ya ja nasa. Wani na naɗe na tura ƙasan ƙofa inda iska ke shigowa, wani na rataya a windon da yake kallon arewa.

Keken ɗinki kam ya tsaya tunda na lantarki ne, sai na tuna mutanen Amish na Amurka, masu gudun wutar lantarki a gidajensu, da har yau da keken ƙafa suke haɗa nasu, ɗauke wuta ko a jikinsu. Na ɗauko allura na zauna kusa da windo na ɗora sabon bargon a cinya. Kuma nan ne daɗin yake, ɗinkin hannu aikin sanyi ne, bargon yana rufe da ke kina ɗinka shi, a watan Yuli ba mai iya zama da wannan nauyin a ƙafa. Ana ƙulla zare a soka allura ta fuska a ja kullin da ɗan ƙarfi har ya shige ya ɓuya a cikin auduga, hannu ɗaya a sama da murfin yatsa yana tura allura, ɗayan a ƙasa yana jin tsininta ya juyo da ita. Ba sai ɗinkin yayi ƙanana ba, ya dai daidaita. Ni manya nake yi da zare mai kauri, ina son a gansu.

Da la'asar gajimare ya fara yayewa, kuma a nan ne hankalina ya tashi don ita dusar ba ita ce ke kashe shuka ba, rufe ta ma take yi ta kare ta. Daren da ya biyo baya ne abin tsoro, sama ta washe iska ta kwanta, ɗumin ƙasa duk ya tsere sama, kafin asuba sanyi ya sauka. Furen tuffa in ya buɗe gaba ɗaya, digiri 2 ƙasa da sifili ya fara ƙona shi, in aka kai 4 kusan duka ya tafi, shekarar kenan ba 'ya'ya. Bishiya babba ba yadda zanyi da ita sai addu'a, na dai girgiza ƙananan rassan a hankali dusar ta zube. Tukwanen shuka muka kwaso cikin gida. Waɗanda ke ƙasa kuma na kafa sanduna na yafa musu tsofaffin barguna biyu har ƙasa na danne gefen da duwatsu don ɗumin da ke tasowa ya tsaya a ciki. Yadi yafi leda a wannan aikin, leda in ta taɓa ganye sanyin ratsawa yake kai tsaye.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ita ce ta fara nuna min yadda ake riƙe allurar nan, ta hango ni ta kan shinge ta riƙe baki. Wai bargon da aka ɗinka da hannu ne zan shimfiɗa a taɓo? Ita nata suna cikin akwati an naɗe su da farin yadi, sai baƙo na musamman ake fitowa da su a nuna a mayar. Nace Mama ai don sanyi akayi shi, yau kuma ga sanyi. Tayi dariya ta girgiza kai, kuma nasan bata yarda ba.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kuma bance bata da gaskiya ba ko kaɗan. Rana tana cinye launi, wanki yana cinye zare, kuma da ba don masu adanawa irinta ba da bamu ga komai na mutanen da ba. Harriet Powers da aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, barguna biyu kacal nata suka rage a duniya, ɗaya na gidan tarihi na Smithsonian a Washington ɗaya na Boston, kuma don wasu sun killace su ne. Amma kuma ki duba matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a lungun kogi a jihar Alabama. Da tsofaffin wandunan aikin gona da buhuna da duk abinda hannu ya kai suka riƙa haɗa nasu, saboda gidajen katako ne iska na shiga ta ko'ina, a jibga wa yara su kwana. Ba wadda ta zauna tana tunanin za'a rataye shi a bango ana kallo. A 2002 aka baje su a gidan tarihi na Houston daga nan aka kai New York, masana zane suka riƙa mamaki, a 2006 har kan sarki akayi da hotonsu. Kuma abinda yake kama ido a cikinsu shine wurin gwiwar wando da ya koɗe, da inuwar aljihun da aka cire inda shuɗin ya rage da duhunsa. Amfani ne ya basu wannan kyan. Ni a ganina bargon da bai taɓa ɗumama kowa ba bai gama zama bargo ba, kuma in na bawa mutum kyauta na dawo bayan shekaru na tarar da shi sabo fil a leda, raina baya min daɗi, nafi so in ganshi ya yi laushi gefensa ya fara sulɓewa in karɓa in gyara.

Iyaka dai ina ware wanda bazai maimaitu ba. Akwai guda ɗaya da yake da ƙyallen rigar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, shi kam baya zuwa lambu, amma yana kan gadona ba cikin akwati ba. Masu ajiyewa kuma dan Allah a riƙa fito da su ana canza ninki, in ya daɗe a layi ɗaya nan yake fara yagewa, kuma kar a rufe a leda, yadi yana son iska.

Wani abu da ya burge ni game da Harriet Powers, a bargonta na Boston ta ɗinka abubuwan da sama tayi, ruwan taurarin da aka gani a watan Nuwamba 1833 tun kafin a haife ta, da wani mugun sanyi da akayi a Fabrairun 1895. Wato yanayi ma abin rubutawa ne a yadi. Shi yasa na yanke shawara wannan bargon zan ɗinka masa ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya in rubuta sunana da shekara da sunan wanda akayi wa, in ƙara da cewa an haɗa shi ranar da dusa ta sauka a watan Mayu. Yawancin tsofaffin barguna ba'a san wa yayi su ba, mata sun zuba watanni a ciki ko harafi ɗaya basu bari ba, wannan yana min ciwo. Ku riƙa sa suna.

Wuta ta dawo bayan isha'i. Washegari da rana ta ɗaga na yaye bargunan lambu, in aka barsu shukar zata dahu a ciki. Mafi yawa sun tsira, na bakin layi inda iska ta ɗaga gefen ne ganyensu yayi baƙi, furen tuffa kuma sai nan gaba za'a gane, ana tsaga shi ne a duba tsakiya in kore ne yana da rai in ruwan ƙasa ne ya tafi. Bargunan na bari taɓon ya bushe na kakkaɓe, sannan na wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ba'a matsewa ba'a kuma rataya shi jiƙe a igiya ɗaya don nauyin ruwan yana tsinka ɗinki, a kan igiya biyu na baza su. Ɗaya sanda ta huda shi, zan sa masa faci da ragowar jan nan.

Sabon kuma na kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗinkin hannu, ina so in gama kafin zafi ya shigo. Saura baki, zan yanka tsiri mai faɗin inci 2 da rabi in ninka biyu, in ɗinka ta gaba da keke in juya baya in kama da hannu, ninki biyun saboda baki ne yake fara mutuwa a kowane bargo. Launin ne har yanzu muke ja da babbar, ni shuɗi mai duhu nake so don baya nuna datti, ita kuma tace ja, kuma tunda ita ta rufe fiye da rabin fil ɗin nan inaga jan za'a saka.